Shan Kwana da Keke a Hanyoyin Ƙasar Gobir

Jawabin da aka gabatar a gaban ɗalibai 'yan ƙasar Isa da Sabon Birni da abokansu, a daren rufe zangon karatu



Sa'ad da aka liƙa sanarwar wannan taro, aka ga za mu yi magana a kan shan kwana da keke, labari ya iso mana cewa wasu sun yi dariya. Wani ma cewa ya yi, ashe sai an zo jami'a za a koya wa Bagobiri hawan keke, shi da kakanninsa suka yi sukuwa a kan dawaki tun zamanin Bawa Jangwarzo? Ba mu ga laifinsa ba, domin mu ma da dariyar za mu yi, in ba don abin da muka tarar a gida lokacin hutun daminar da ta wuce ba.

Akwai wani ɗan'uwanmu, tare muka yi sakandare, wanda aka ɗauka aikin koyarwa aka tura shi wata makarantar firamare a wani ƙauye na ƙasar Sabon Birni. Da ya ga kuɗin mai yana neman cinye albashinsa, sai ya sayar da babur ɗinsa ya sayi keke mai giya na gwanjo. Ran nan ya yi yamma a makaranta, yana sauri ya shiga gari kafin rana ta faɗi. Ya gangaro wani tudu da gudu, ya iso inda hanya ta karya ta kewaye wata gonar gero, ya ga gudun ya yi yawa, sai ya damƙe birki yana tsakiyar kwanar. Tayar gaba ta zame a kan tsakuwa, ya faɗi a kan kafaɗarsa, ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye. A nan ya zauna cikin ƙura har Allah ya kawo wani mai amalanke ya ɗauke shi. Wata biyu ya yi bai riƙe alli ba, yaran ajinsa kuwa suka yi wata biyu ba malami, domin babu wanda za a ba su. Da muka je gaishe shi, abin da ya ce mana shi ne, tun yana ɗan shekara bakwai yake hawan keke, amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai wurin da ba a kama birki.

To, wannan magana tasa ita ce ta kawo mu gabanku a daren nan. Kusan dukkanmu haka muka koyi keke: wani ya riƙe mana kariya, ya tura mu, ya saki, muka faɗi sau uku ko huɗu, daga nan aka ce mun iya. Abin da muka iya kuwa shi ne tafiya a miƙe. Shan kwana an bar wa kowa ya yi lalubensa. Saboda haka abu guda muke so ku riƙe kafin mu zauna, watau ita kwana tun kafin a shige ta ake shan ta. Mafi yawan dabarar mahayi a kan miƙaƙƙiyar hanya yake gama ta, tun bai iso lanƙwasar ba.

DAWOWAR KEKE

Keke ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin da malamin makaranta da malamin gona da duba-gari ba su da abin hawan da ya wuce Rali, baƙin keken nan mai birkin ƙarfe, wanda har masana'antar harhaɗa shi aka kafa a Kano. Bayan kuɗin Udoji na 1975 ma'aikata da yawa suka koma babur, daga baya kuma babura masu araha suka cika ƙauyuka, keke ya zama na yara da tsofaffi.

Abubuwa biyu suka dawo da shi. Na farko shi ne rashin tsaro. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana sayar da man fetur a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare a ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka addaba, har da namu biyun. Mutane da yawa a lokacin ne suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Na biyu shi ne tsadar mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a gidan mai ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Ƙaramin ma'aikacin da ke zuwa ƙauye kullum ba ya bukatar a yi masa lissafin.

Sai dai keken da yawancin samari suke saye yanzu ba Rali ba ne. Keken tsauni ne, wanda muka fi sani da keke mai giya, mai faɗin taya da haƙora a jikinta. Asalinsa daga gundumar Marin ne, a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda a cikin shekarun 1970 wasu samari suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan duwatsu. Sun fara tseren gangare a 1976. A 1977 ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman domin wannan aiki, a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper kasuwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Abin da ya shafe mu a wannan tarihi shi ne, mutanen nan sun shafe shekaru kusan hamsin suna faɗuwa a kan ƙasa da tsakuwa, suna tara ƙa'idojin shan kwana. Su wasa suke yi, mu hanyar abinci muke nema, amma ƙasa ba ta bambanta mu in za ta kayar. Daɗin daɗawa, birkin wannan keke ya fi na Rali ci nesa ba kusa ba, hannun da ya saba damƙe birkin Rali da ƙarfinsa duka kuwa, in ya yi wa wannan haka sai ya ji shi a ƙasa.

ABIN DA KE RIƘE KEKE A KWANA

Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ke tafiya miƙewa yake yi, ba ya karkata sai wani ƙarfi ya tura shi gefe. A kan keke, abin da ke ba da wannan ƙarfi shi ne riƙon da taya take yi wa ƙasa. Wurin da ke taɓa ƙasar kuwa bai kai tafin hannu ba a kowace taya. A kan waɗannan 'yan wurare biyu mahayi da kekensa da kayansa suka dogara.

'Yan'uwanmu masu karatun kimiyya sun san ƙa'idar: riƙon da kwana take bukata yana tafiya ne da gudu sau gudu, a raba da faɗin kwanar. Bari mu ba da misali da kwanar da in aka cika da'irarta, daga tsakiya zuwa baki mita 5 ne, watau irin kwanar kusurwar gona. Mai tafiyar kilomita 10 a awa yana bukatar tayoyinsa su riƙe shi a gefe da ƙarfin da ya kai kashi 16 cikin 100 na nauyinsa da na keken. In ya ninka gudun ya koma kilomita 20, bukatar ta koma kashi 63, watau ta ninku har sau huɗu. Busasshiyar kwalta za ta iya ba shi wannan, amma sakakkiyar tsakuwa sau da yawa ba za ta iya ba. In kuwa ya kai kilomita 30, bukatar ta zarce nauyinsa gaba ɗaya, ta kai kashi 142, babu hanyar ƙauyen da za ta riƙe shi komai gwanintarsa. Amma mai gudun kilomita 20 ɗin nan, da zai buɗe kwanar ta koma mita 10, bukatarsa sai ta sauko da rabi.

Abu na biyu shi ne, riƙon taya guda ɗaya ne, shi ake kashewa wajen tsayawa, shi ake kashewa wajen karkata. Kamar albashin ƙaramin ma'aikaci yake, in aka kashe shi a nan babu shi a can. Mahayin da ya kama birki a tsakiyar kwana ya nemi taya ta biya bashi biyu a lokaci guda. In tayar baya ce ta gaza, takan ja gefe, wani lokaci a iya gyarawa. In ta gaba ce, kafin mutum ya ankara ya riga ya kai ƙasa. Abin da ya sami ɗan'uwanmu ke nan.

ƘA'IDOJI BIYAR

Ta farko, ido. Inda ido ya kafe, nan keke yake zuwa. Wanda ya ƙura wa kututture ido don tsoron kada ya buge shi, shi zai buga. Tun daga nesa ake karanta kwana: ina ta nufa, yaya tsananinta, wace irin ƙasa ce a cikinta, ana ganin bayanta ko ba a gani? Da an iso bakinta sai a juya kai gaba ɗaya a dubi mafita, ba tayar gaba ba. Kai ne ke jan kafaɗu, kafaɗu su ja ƙugu, keke ya biyo.

Ta biyu, birki. A gama rage gudu tun keke yana tsaye a miƙe, da birki biyun tare, a hankali kamar mai matsa lemo, da yatsa ɗaya ko biyu, sauran yatsun suna riƙe da kan keke. Na gaba shi ne ya fi tsayar da keke, domin nauyi gaba yake komawa in ana tsayawa, saboda haka kada a ji tsoronsa a miƙaƙƙiyar hanya. Da an fara karkata sai a saki. In mutum ya shiga ya ga gudun ya yi yawa, ya ɗan shafi na baya kaɗan. In hakan bai isa ba, ya miƙar da keken tukuna sa'an nan ya kama birki, ko da zai kai shi cikin gona. Gara a ba mai gona haƙuri da a nemi mai ɗori.

A nan akwai wani tarko da ya kamata mu sani. Kekunan da aka haɗa domin Ingila, hannun dama ne birkin gaba. Waɗanda aka haɗa domin Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa, hannun hagu ne. Kekunan gwanjo daga ko'ina suke zuwa. Duk wanda ya sayi keke ko ya ara, ya tura shi a ƙasa ya matsa kowane hannu ya ga wace ƙafa ce ta tsaya, tun bai hau ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku, layin da za a bi. Tun da buɗaɗɗiyar kwana ta fi matsattsiya sauƙi, mahayi yakan buɗe ta da kansa: ya shigo daga gefen waje, ya yanko zuwa ciki a tsakiya, ya fita ta waje. Kada kuma ya yi saurin yankowa, domin wanda ya shige ciki da wuri, hanya kan ƙare masa a mafita. Amma 'yan tsere da suka fitar da wannan dabara a rufaffiyar hanya suke yin ta, mu kuwa hanyarmu ta kowa ce. Daga Agusta zuwa girbi gero ya fi mutum tsawo, burtali kuma darni ne dama da hagu. Bayan kwanar nan da ba a gani akwai shanu, akwai amalanke, akwai yara da tulun ruwa, akwai mai babur da ya kashe inji yana gangarowa shiru don tattalin mai. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama. Saboda haka in ba a ganin bayan kwana, kowa ya tsaya a damarsa, ya kaɗa ƙararrawa, ya shiga da gudun da zai iya tsayawa a cikin iyakar abin da idonsa yake gani.

Ta huɗu, zaman jiki. Tsoro yakan sa sabon mahayi ya janye jikinsa baya, ya miƙar da hannuwa ya sandare. Yin haka yana ɗauke nauyi daga tayar gaba, ita kuwa ba ta riƙe ƙasa sai da nauyi a kanta. Abin da ya dace shi ne a ɗan ɗago daga sirdi, a lanƙwasa gwiwoyin ƙafa da na hannu, a sunkuyo har haɓa ta zo kusa da saitin kan keke, nauyi ya rabu tsakanin ƙafafun keke biyu. Sa'an nan a kwantar da keken zuwa cikin kwanar fiye da yadda aka kwantar da jiki, ta hanyar miƙa hannun ciki ƙasa, a bar keken ya karkata a tsakanin cinyoyi. Manyan haƙoran da ke gefen taya don wannan aka yi su, ba sa taɓa ƙasa sai keke ya kwanta. Kuma in taya ta ɗan zame, mahayin da jikinsa ke sama da keke yana da damar gyarawa, wanda ya kwanta tare da shi kuwa tare za su tafi.

Ta biyar, feda. In za a karya hagu, ƙafar dama ce za ta sauka ƙasa da fedarta, a danna ta da nauyin jiki kamar yadda mahayin doki yake taka likkafa. In za a karya dama, ƙafar hagu ce. Amfanin wannan biyu ne: nauyi yana danna tayoyi cikin ƙasa, fedar ciki kuma tana sama, ba za ta daki kunya ko kututture ta ɗaga keke ba. Ba a tuƙa feda a tsakiyar matsattsiyar kwana, sai keke ya fara miƙewa a mafita. In ƙasa tana da santsi ƙwarai, babu kunya a sauke ƙafar ciki daga feda a miƙa ta gaba kusa da ƙasa, domin ta tare in an zame.

KOWACE ƘASA DA HALINTA

Ba mu da tsaunuka irin na Kalifoniya, amma muna da abin da ya ishe mu. A yankin Isa ne gulbin Bunsuru da na Gagare suka haɗu suka zama gulbin Rima, a ƙasar Sabon Birni kuma gulbin Maraɗi ya sauko daga Nijar ya shiga cikinsa. Saboda haka ƙasarmu tudu ce da fadama a jere. Wanda ya tashi daga Sabon Birni za shi Gatawa ko Unguwar Lalle ko kufan Alkalawa, ko ya tashi daga Isa za shi Turba ko Bafarawa ko cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da zarar ya bar kwalta zai iya taka ƙasa iri huɗu a tafiya guda.

A kan burji, motoci suna watsa tsakuwa ta taru a bakin kwana ta waje. Wanda ya buɗe kwana da yawa a cikinta zai faɗa. A bi sawun da tayoyi suka share, a rage gudu kafin a hau gargada, domin tayar da ke tsalle ba ta riƙe komai.

A kan fako, ƙasa tana da tauri, tana kiran mutum ya yi gudu. Amma da rani iska takan shimfiɗa mata yashi siriri wanda ido ba ya gani sosai, ya zama kamar an zuba gero a kan daɓe. A ganinmu wannan ita ce ƙasar da ta fi yaudara.

A cikin yashin jigawa mai zurfi kuwa, wasu ƙa'idojin sukan juya. A nan ba a kwantar da keke, ba a kuma danna gaba, domin tayar gaba nutsewa za ta yi ta karkace. A sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin a shiga, a ɗan mayar da nauyi baya, a ci gaba da tuƙa feda ba tsayawa, a yi kwanar da faɗi, a sassauta riƙon kan keke ya nemi hanyarsa, a kuma ƙyale birkin gaba. In yashin ya fi ƙarfi a sauka a tura, ba wanda ya taɓa karyewa don ya tura keke.

A cikin lakar fadama da damina, a bar keke a tsaye gwargwadon iko, a juya shi a hankali. Birkin da ke kama bakin ƙarfen ƙafa ba ya ci in ya jiƙe, sai ƙafar ta juya 'yan zagaye robar ta share ruwan, don haka a fara matsa shi da wuri. Sawun amalanke da ya bushe ya zama rami, in ya bi yadda kwanar ta bi yana iya zama abin jingina ga taya. In kuwa za a tsallake shi, a tsallake shi kai tsaye, kada a goge shi a karkace.

Iskar taya ma tana da nata rabon. Mai faci yakan cika taya har ta zama dutse, abin da ya dace da kwalta da ɗaukar kaya. A kan ƙasa, tayar da aka ɗan rage wa iska, har babban yatsa yana iya ɗan lotsa ta, ta fi shimfiɗuwa ta fi riƙo. In an rage fiye da kima kuwa, dutse zai matse robar ciki da ƙarfe ya huda ta wuri biyu, a bar mutum da turi a daji.

KAYA DA GOYO DA TUFAFI

Littattafan Turawa a kan wannan fanni ba su yi zancen buhu ba, mu kuwa da wuya mu hau keke ba kaya. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce. In aka ɗora ta a kan kariya, gaban keke ya yi sauƙi, watau tayar da aka fi bukata a kwana ita ce aka raunana. Jarkar da ba ta cika ba ta fi haɗari, domin ruwan yana kai da komowa, ya ture keke waje daidai lokacin da ake son ya shiga ciki. A raba kaya gida biyu a rataye su ƙasa-ƙasa dama da hagu, a ɗaure da roba tamau, a sunkuyo gaba, a kuma rage gudu fiye da yadda aka saba. Wanda aka goya a gaya masa tun kafin a tashi ya zauna daram, ya bi jikin mai tuƙi, kada ya karkata waje don tsoro, kada kuma ya diro.

Babbar riga a naɗe ta, ƙafar wando a ɗaure ta, domin sarƙa ba ta san shadda ba. 'Yan'uwanmu mata da ke hawa su tattare gefen mayafi ko hijabi kada ya kai ga ƙafar baya. Silifa tana zamewa daga feda a daidai lokacin da aka danna ta, takalmi mai rufi ya fi. Hular kwano kuma, mun san za a yi wa mutum dariya a bakin kasuwa, amma ƙashi ana ɗora shi, kai kuwa ba shi da mai ɗori.

GWAJI

Jin wannan jawabi ba zai sa kowa ya iya ba, sai jiki ya saba. A sami filin makaranta da yamma. A ja layi a ƙasa, a aje gwangwani taku biyar a gabansa. A taho da gudu kaɗan, a gama birki kafin layin, a saki hannu biyun, a kewaye gwangwanin ana duban mafita, fedar waje tana ƙasa. A yi sau goma ta hagu, sau goma ta dama, domin kowa yana da gefen da ya fi masa wuya. Bayan haka a aje gwangwani biyu a riƙa kewaya su kamar ana rubuta lamba 8. Sa'an nan a jera guda shida, taku huɗu tsakaninsu, a riƙa saƙa. In hannu ya faɗa, a koma wurin da ke da tsakuwa a sake daga farko da gudu kaɗan, domin mutum ya ji yadda taya take yi in ta kusa zamewa, a inda faɗuwa ba za ta yi masa illa ba. Minti goma sha biyar kullum har mako biyu ya isa a ga bambanci.

KAMMALAWA

Shugaban taro, akwai wata magana da ba za mu zauna ba mu faɗe ta ba. Ɗan'uwanmu da ya karye ba ganganci ne ya sa shi gudu ba. Tsoro ne, kuma duk wanda ya fito daga Isa ko Sabon Birni ya san irin tsoron da ke kama matafiyi in ya ga rana ta yi ja yana daji. Ba mu da bakin gaya wa kowa kada ya ji wannan tsoro. Abin da za mu ce shi ne, rage gudu a bakin kwana 'yan daƙiƙoƙi yake ci, faɗuwa kuwa tana iya zaunar da mutum a wurin da yake gudun dare ya same shi, ga asibiti da nisa, ga waya ba lalle ta shiga ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Wanda ke da tafiya ya tashi da wuri, ya nemi abokin tafiya in da hali, ya yi saurinsa a miƙaƙƙiyar hanya inda sauri yake da amfani.

Gobe da jibi za mu watse zuwa gida. Da yawa daga cikinmu nan da shekara ɗaya ko biyu su ne malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan allurar rigakafi da za a tura ƙauyukan nan, kuma da wuya albashin farko ya sayi abin da ya wuce keke. Roƙonmu shi ne, kowa ya yi gwajin nan da kansa a wannan hutu, sa'an nan ya tara ƙannensa da 'yan unguwarsu a filin makaranta ya nuna musu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwangwani shida kawai ake bukata. Shi ɗan'uwan namu ya warke, ya koma aji, kuma ya ce mu gaya muku ya riga ya fara da yaransa ranar Alhamis bayan an tashi.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.